Wa ya hana West Virginia shiga gasar Maris: ma'auni, kwamiti, ko mai tsara jadawali?

Malam Habu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu koma kan maganar West Virginia da North Carolina ta watan Maris na 2025, don har yanzu ina ganin ana kawo ƙuri'ar AP, wato jerin ƙungiyoyi da kamfanin dillancin labarai na Associated Press ke fitarwa, a matsayin hujja, alhali kwamitin da ya tantance jami'o'i 68 na gasar NCAA, wato gasar ƙwallon kwando ta maza ta jami'o'in Amurka, ba da ita yake aiki ba. Ga abin da ke kan takarda ranar da aka sanar da sunaye. North Carolina ta buga wasa 13 na aji na 1, ɗaya tak ta ci. West Virginia ta ci shida, ciki har da Gonzaga da Arizona a Bahamas, da Kansas har cikin gidanta, da Iowa State. Aka ba North Carolina gurbin ƙarshe, aka bar West Virginia a bakin ƙofa. Shugaban kwamitin a shekarar kuwa Bubba Cunningham ne, daraktan wasannin North Carolina ɗin. To laifin wa ke nan? Na ma'auni, na kwamiti, ko na wanda ya tsara jadawalin wasanni?

Nura: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, a taimaka mana da bayanin ajin nan. Me ke sa wasa ya zama na aji na 1? Ƙarfin abokin karawa kaɗai ake dubawa?

Bashir: Ƙanena Nura, abu biyu ake haɗawa: matsayin abokin karawarka a jerin NET, wato ma'aunin da hukumar NCAA ke jera ƙungiyoyi da shi, da inda aka buga wasan. Idan a gidanka ne, sai yana tsakanin na 1 da na 30 kafin a kira shi aji na 1. A filin 'yan ba-ruwanmu, daga 1 zuwa 50. A gidansa, daga 1 zuwa 75. Aji na 2 kuma 31 zuwa 75 ne a gida, 51 zuwa 100 a filin 'yan ba-ruwanmu, 76 zuwa 135 a waje. Aji na 3: 76 zuwa 160, 101 zuwa 200, 136 zuwa 240. Duk abin da ya gaza haka ya faɗa aji na 4.

Abin da aka cika mantawa shi ne ajin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ce ka je ka doke ta 73 a gidanta a watan Disamba, ka rubuta nasarar aji na 1. A Fabrairu babban ɗan wasansu ya ji rauni, suka zame zuwa ta 80. Nasararka ta koma aji na 2 ba tare da ka taɓa ƙwallo ba. Matsayin ranar tantancewa ake ɗauka, ba na ranar wasa ba.

Hajiya Rabi: Malam Habu, da girmamawa, ka kawo rabin takardar ka bar rabi. North Carolina ta buga wasa takwas na aji na 2, ta cinye su duka. A jerin NET tana ta 36, West Virginia tana ta 51. Sannan dubi su wa suka doke North Carolina. Ta je gidan Kansas a Nuwamba, ta haɗu da Auburn da Michigan State a Maui, ta buga da Alabama da Florida, ta kara da Duke har sau uku. Florida ce ta ɗauki kofin a shekarar, Auburn da Duke kuma sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Kashin da aka sha a hannun ta 2 ko ta 3 a ƙasa da wanda aka sha a hannun ta 70 duk sunansu aji na 1, amma ai ba nauyinsu ɗaya ba. Wannan shi ne raunin tsarin ajin: kwano ɗaya ake zuba su.

Kuma kada a manta West Virginia ta buɗe gasar lig ɗin Big 12 da shan kashi a hannun Colorado, wadda ita ce ta ƙarshe a teburin lig ɗin. Wanda ke bakin gaɓa bai kamata ya ba kwamiti irin wannan dalili a makon ƙarshe ba.

Malam Habu: Hajiya na yarda jadawalin North Carolina mai nauyi ne. Amma tsara wasa mai wuya ba shi ne cin wasa mai wuya ba. Dama 13 aka ba su. Nasarar ɗaya tilo ita ce ta UCLA a New York, da tazarar maki 2.

Alhaji Ɗanjuma: Maganar Cunningham fa a yi mata adalci. Ƙa'idar kwamitin a bayyane take: mutum 12 ne, daraktocin wasanni da shugabannin lig-lig. Idan aka zo kan jami'ar da darakta ke wa aiki, fita yake daga ɗakin, ba ya magana, ba ya jefa ƙuri'a. Shi ya sa a daren sanarwar mataimakinsa Keith Gill, shugaban lig ɗin Sun Belt, ya amsa tambayar North Carolina. Ban ga hujjar cewa an karya ƙa'ida ba, kuma ba zan zargi mutum da abin da ba a tabbatar ba.

Amma tsarin kansa bai yi mini ba. Mutum 11 da suka yi kwanaki a ɗaki ɗaya da shugabansu, suna cin abinci tare, su ne za su yanke hukunci kan jami'arsa, sannan ya buɗe ƙofa ya dawo ya zauna. Ko da zuciyar kowa fara ce, magoya baya ba za su gamsu ba. Ƙari a kan haka, kwantiragin daraktoci da yawa na ɗauke da ladan kuɗi idan ƙungiya ta shiga gasar. Har gwamnan West Virginia, Patrick Morrisey, sai da ya fito ya yi ƙorafi a bainar jama'a. A ganina duk wanda jami'arsa ke cikin goman da ake jayayya a kansu ya miƙa kujerar shugabanci tun farkon makon.

Nura: To Yaya Bashir, idan haka ne, mene ne amfanin lambar da muke gani kusa da sunan ƙungiya a talabijin?

Bashir: Ta AP ce, kuma amfaninta talla. 'Yan jarida kusan 60 ne ke jera ƙungiyoyi 25 kowane mako, a fitar ranar Litinin. Ta farko a takardar mutum na samun maki 25, ta biyu 24, a haka har ta ƙarshe ta samu 1. Matsalarta biyu. Ana fara ta tun kafin a buga wasa ko ɗaya, sai ra'ayin Oktoba ya riƙa bin ƙungiya har Janairu. Sannan masu ƙuri'a sun saba da sauke duk wanda ya sha kashi a makon, ko da a gidan ta ɗaya a ƙasa ya sha shi da maki 1.

A kakar 2022-23 North Carolina ce ta ɗaya a ƙuri'ar share fage, ta ƙare ba ta ma shiga gasar ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka faɗaɗa gasar zuwa 64 a 1985. UConn da ba ta cikin 25 ɗin a lokacin ita ta ɗauki kofi. A 2024-25 Kansas aka sa a gaba, ta ƙare da lamba 7 a rukuninta, Arkansas ta fitar da ita a zagayen farko.

Abin da ke gaban kwamiti kashi biyu ne. Akwai ma'aunan da ke hasashen ƙarfi, su KenPom da BPI da Torvik, waɗanda ke tambayar wa zai ci idan aka haɗu gobe. Akwai masu auna abin da aka riga aka yi, su KPI da SOR da WAB. Torvik da WAB a kakar 2024-25 aka ƙara su. Bisa al'ada, kashi na biyu ya fi tasiri wajen shiga gasar, na farko ya fi taimakawa wajen lambar da za a ba ka bayan ka shiga.

Sadiya: Ni inda nake da ja shi ne NET ɗin kanta. RPI da aka yi amfani da ita daga 1981 kowa na iya lissafa ta da biro: kashi 25 cikin 100 nasarorinka, kashi 50 nasarorin abokan karawarka, kashi 25 na waɗanda su suka kara da su. Tana da aibu, don fiye da rabinta ba a hannunka yake ba, amma a buɗe take. NET da ta gaje ta a kakar 2018-19 har yau NCAA ba ta fitar da cikakken lissafinta ba. Abin da aka sani shi ne a 2020 an rage ginshiƙanta daga biyar zuwa biyu: ɗaya na duba wa ka doke kuma a ina, ɗaya na duba makin da kake ci da wanda ake cin ka a kowane hari 100, wato sau 100 na riƙe ƙwallo, bayan an gyara shi daidai da ƙarfin abokin karawa.

Na biyun nan ne ƙofar ɓarna. Wasa ɗaya na ɗaukar hari wajen 70 ga kowane ɓangare. Ka ci da tazarar 35, ka samu ribar 50 a hari 100. Ka ci da 14, ribar 20. Da farko akwai ginshiƙin tazara da aka tsayar a maki 10, amma shi wannan lissafin hari ba a san shi da rufi ba. Shi ya sa za ka ga saura minti huɗu, ana gaba da 28, koci bai sako 'yan benci ba, yana tsaye yana daka wa manyan 'yan wasansa tsawa su matsa tsaro. A Fabrairun 2024 kocin Clemson, Brad Brownell, ya fito fili ya zargi jami'o'in Big 12 da tara raunanan abokan karawa a Nuwamba da Disamba suna lallasa su don su kumbura lambobinsu, ta yadda idan an shiga lig kusan kowane wasa ya zama aji na 1 ko na 2.

Bashir: Yaya Sadiya, akwai gaskiya a ciki, amma dabarar tana da iyaka. Lissafin yana da tazarar da yake sa ran ka ci da ita. Idan yana sa ran 30 ka ci da 22, ƙasa za ka yi. Kuma kwamiti na ganin lambar ƙarfin jadawalin wajen lig a kan takardar. NC State a 2019 tana ta 33 a NET, amma jadawalinta na wajen lig shi ne na ƙarshe cikin jami'o'i 353, aka bar ta a gida. A shekarar ce St. John's ta shiga tana ta 73. Wato NET ɗinka ba ta kai ta abokan karawarka muhimmanci ba. Ma'aunin jera wasanni ce kafin ta zama ma'aunin jera ƙungiyoyi.

Alhaji Ɗanjuma: Wannan ya kawo mu inda nake so. Rabin hukuncin Maris tun a watan Mayu da Yuni ake rubuta shi, a ofis, lokacin sa hannu kan kwantiragin wasanni. Bari in shimfiɗa yadda lissafin yake ga babbar jami'a a kakar 2024-25. Iyakar wasannin kaka 31 ne. Lig na cinye 18 ko 20. Saura 11 zuwa 13. Daga ciki gasar Nuwamba irin ta Maui ko Bahamas na ɗaukar 2 ko 3. Akwai wasan da talabijin ta haɗa tsakanin lig biyu, kamar na ACC da SEC. Akwai wasan tsohuwar hamayya, irin na Kentucky da Louisville. Abin da ya rage, shida zuwa tara, yawanci su ne wasannin saye: ka biya ƙaramar jami'a kusan dala dubu 80 zuwa 100 ta zo gidanka, ba tare da ka rama ziyara ba.

A waɗannan shida zuwa tara ake gane ofishin da ya san aikinsa. Mai sakaci zai ɗauko duk wanda ya fi araha, ya tara 'yan na 300 zuwa ƙasa. Mai lura zai nemi zakarun ƙananan lig-lig, waɗanda ake sa ran za su ƙare tsakanin 100 da 160, don a gida aji na 3 ne, ba na 4 ba, kuma har yanzu kai ake ba nasara. Sannan ya sa wasa ɗaya ko biyu a gidan wadda ke tsakanin ta 50 da ta 70. Babu nasarar aji na 1 da ta fi wannan sauƙi, kuma ko an sha kashi ba ya zama tabo.

Inda abin ke lalacewa: tun da aka sassauta dokar sauya sheƙa a 2021, ƙungiyar da ka sa hannu da ita a Mayu ba lalle ita ce za ta zo a Disamba ba. Kocinta ya tafi, 'yan wasa huɗu sun bi shi, wadda ka lissafa ta 120 ta zama ta 270. Shi ya sa masu wayo ke barin gurbi ɗaya ko biyu a buɗe har sai kasuwar sauya sheƙa ta lafa.

Sadiya: Alhaji, wannan shawara ta manya ce. Ƙananan fa? Indiana State a 2024 ta ci wasa 28, ta sha kashi 6, tana cikin 30 na farko a NET. Drake ta doke ta a wasan ƙarshe na lig ɗin Missouri Valley, shi ke nan. Aka ce ba ta da isassun nasarorin aji na 1. Ina za ta same su? Babbar jami'a ba za ta taka zuwa Terre Haute, garin Indiana State, ba, don za ta rasa kuɗin tikitin wasan gida ɗaya, kuma idan aka doke ta kocinta ne a bakin magoya baya. Ko sayen ta ma ba sa son yi idan suka ga tana da haɗari. A shekarar aka ɗauki Virginia, ta je Dayton, inda ake wasannin share fagen gasar, ta ci maki 14 a rabin farko, Colorado State ta gama da ita 67 da 42. Indiana State kuwa ta kai wasan ƙarshe na NIT, gasar waɗanda ba su shiga ta NCAA ba, kocinta Josh Schertz ya koma Saint Louis, ƙungiyar ta watse. Damar da ba za ta dawo da wuri ba ke nan.

Hajiya Rabi: Shekarar 2024 ta zo da nata. Kwamiti da kansa ya ce gurbi biyar aka ƙwace, wato ƙungiyoyin da ba za a gayyata ba suka ci kofin lig ɗinsu suka karɓi tikitin kai tsaye. NC State ta ci wasa biyar cikin kwana biyar a gasar ACC. Duk gurbin da aka ƙwace, mutum ɗaya ne ke faɗowa daga jerin gayyata. Amma na yarda da ke, WAB ce ta fi yi wa irin su Indiana State adalci, don tambayarta ɗaya ce: da ƙungiyar bakin gaɓa ce ta buga wannan jadawalin naka, wasa nawa za ta ci, kai kuma nawa ka ci? Ba ta hukunta ka kan damar da aka hana ka.

Nura: Alhaji ranka ya daɗe, shi darakta ban da jadawali, da me ya kamata magoya baya su auna shi?

Alhaji Ɗanjuma: Da ɗaukar koci, da rubutun kwantiragi, da sanin inda jami'arsa ta dace. Louisville ta ɗauki Kenny Payne a 2022, tsohon ɗan wasanta, wanda bai taɓa jagorantar ƙungiya a matsayin babban koci ba. Ya ci 4 ya sha kashi 28 a shekarar farko, ya ci 8 ya sha 24 a ta biyu. Josh Heird da ya ɗauke shi shi ya sallame shi a 2024, ya kawo Pat Kelsey daga Charleston, a shekara ɗaya suka ci 27, suka yi 18 da 2 a ACC. Darakta ɗaya, hukunci biyu. Na farko ya bi ƙaunar tsofaffin 'yan wasa, na biyu ya bi tarihin aiki.

Kentucky darasin kwantiragi ce. A 2019 aka ba John Calipari shekara 10 kan dala miliyan 86. Saint Peter's ta fitar da su a zagayen farko a 2022, Oakland ta maimaita a 2024, magoya baya suna ta kiran a sallame shi, amma kuɗin sallamar ya haura dala miliyan 30. Hannun daraktan wasanninta, Mitch Barnhart, a ɗaure yake. Da Calipari bai tafi Arkansas da ƙafarsa ba, da wuya a iya raba auren.

Wanda na fi yaba wa shi ne David Benedict na UConn. Ya ɗauko Dan Hurley daga Rhode Island a 2018, sannan jami'ar ta biya dala miliyan 17 ta bar lig ɗin American ta koma Big East a 2020, duk da sanin cewa ƙwallon Amurkanta za ta zauna ba lig. Sun gane cewa kwando ce jarinsu. Kofi biyu a jere, 2023 da 2024.

Bashir: In ƙara da kuɗi, don su ke juya komai. A gasar NCAA ta 2025, kowane wasa da ƙungiya ta buga, ban da na ƙarshe, ya jawo wa lig ɗinta kaso ɗaya na kusan dala miliyan 2, ana biya cikin shekara shida. SEC ta shigar da 14 cikin 16 a 2025, ta karya tarihin 11 na Big East na 2011. ACC, lig ɗin North Carolina, mai jami'o'i 18, huɗu kawai ta shigar. Tushen abin tun a Disamba ne, da SEC ta ci 14 cikin wasanni 16 na karawarsu da ACC. Daga nan duk wasan cikin SEC ya zama mai daraja, na cikin ACC ya zama tarko: ka ci ba lada, a ci ka tabo. Shi ya sa ACC ta rage wasannin lig daga 20 zuwa 18 a kakar 2025-26, don kowa ya samu gurbi biyu na neman manyan wasanni a waje. Amfanin hakan ya dogara ga abin da daraktoci suka zuba a gurbin. Idan wasan saye suka ƙara, an yi aikin banza.

Ga kuma yarjejeniyar House, ta sasanta ƙarar biyan 'yan wasan jami'a, da alƙaliya Claudia Wilken ta amince da ita a Yunin 2025. Kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma darakta ne ke yanka rabon. Jami'o'i da yawa masu babbar ƙwallon Amurka na ba ta kusan kashi 75, kwandon maza kashi 15. Wannan yankan ya fi kowane jadawali tasiri kan irin 'yan wasan da koci zai iya riƙewa.

Hajiya Rabi: Kuma dai Malam Habu, North Carolina ta je Dayton ta doke San Diego State 95 da 68.

Malam Habu: Ta doke ta, bayan kwana uku kuma Ole Miss ta fitar da ita. Amma ba na kafa hujja da ko ɗaya, don abin da ya faru bayan zaɓe ba ya gyara zaɓe kuma ba ya ɓata shi. Kwamiti da takardar ranar Lahadi ya yi aiki, da ita za a auna shi.

Na karɓi maganar Bashir cewa ba a kallon NET ita kaɗai, na karɓi ta Alhaji cewa ba a karya ƙa'idar fita daga ɗaki ba. Abin da ban karɓa ba shi ne dalilin da aka bayar a daren. An ambaci raunin Tucker DeVries, cewa West Virginia ta rasa babban ɗan wasanta. Ƙa'ida ta yarda a duba rauni, amma manufarta ita ce a tambaya ko ƙungiyar da za ta shiga gasar ita ce ta ci waɗancan wasannin. DeVries wasa takwas ya buga, tun farkon Disamba bai sake shiga fili ba. Nasarar gidan Kansas ranar 31 ga Disamba babu shi. Ta Iowa State a Janairu babu shi. Duk wasannin Big 12 guda 20 da suka ci 10 a ciki, babu shi ko a ɗaya. Ƙungiyar da kwamiti ya ce ta raunana ita ce dai wadda ta shiga Lawrence, gidan Kansas, ta fito da nasara.